Kwalliyar Juma'a

Katifa ce abu na farko da na gani da na shiga gidan. An jingine ta a jikin katanga tana shan rana, duk jikinta shatin ruwan da ya bushe ne, wani a kan wani, kamar taswirar da ke bangon ajinmu. Kusa da ita igiyar shanya ta lanƙwashe saboda nauyin zannuwa, dukansu tsofaffi, sun koɗe har ba a gane launinsu na asali. Warin omo da wani wari daban sun cika tsakar gidan. Na daɗe ina sallama kafin aka amsa.

Daga Nangere na zo. Babana yana aiki a can, ni kuma na samu babbar sakandare ta jeka-ka-dawo a Potiskum, sai aka ce in zauna a gidan kakata a Dogo Nini. Baba ya ce da Mama, "Ta yi karatunta, kuma ta riƙa taya Adda hira." Adda yake ce wa yayarsa, wadda mu muke kira Goggo. Hira ya ce. Na riƙe kalmar, domin ni ba mai yawan magana ba ce, na yi ta tunanin abin da zan riƙa cewa.

Goggo ta fito daga banɗaki da bokiti a hannu. Na san ta da jiki da fara'a lokacin da mijinta yake da rai, tana ɗinki, tana zuwa mana da riguna da salla. Wadda na gani ranar ta rame, ɗankwalinta ya zame, fatar yatsunta ta yi fari ta tattare kamar ta wanda ya kwana a ruwa.

"'Yar nan, kin iso? Ajiye jakar can. Kar ki taka nan, ban wanke ba tukuna."

Keken ɗinkinta na gani a ɗakin da ta ba ni, an lulluɓe shi da buhu, an ɗora tukwane a kai.

Ƙofar ɗakin Kaka tana da sakata ta waje. Ban tambaya ba, amma kafin mako ya zagayo na san dalili. Kaka ta rikice. Ba ta san shekarunta ba, ba ta san mijinta ya rasu ba, wani lokaci ba ta san banɗaki ba. Abin da ta sani shi ne Danchuwa, inda aka haife ta, da gonar babanta da take cewa ciyawa ta cinye. Idan ta samu ƙofa a buɗe sai ta kama hanya. An taɓa tsintar ta a bakin titi inda tireloli suke tsayawa, ba takalmi, tana roƙon wani direba da yaren Karekare ya kai ta gona. Tun ranar Goggo ta kira kafinta ya sa sakatar, tana turawa idan za ta shiga kicin ko za ta yi salla.

Ina lura da abubuwa, wannan kam na iya. Na lura Goggo ba ta cin abinci a zaune. Na lura Kaka tana ɓoye tuwo a ƙarƙashin matashi, kuma tana riƙe ƙwayar magani a kumatu har sai an juya baya ta tofar. Na lura da shatin farce a damtsen Goggo, sabo a kan tsoho. Lokacin wanka ne ya fi muni. Daga inda nake guge takalmin makaranta ina jiyo su.

"Ɓarauniya! Wa ya aiko ki? Sakar mini zane!"

"To, Iya. Ɗaga hannu."

"Allah ya isa tsakanina da ke. Ba za ki ga da kyau ba, duniya da lahira."

"To, Iya. Ɗaya hannun."

Muryar Goggo ba ta canzawa. Amma in an gama, sai ta zagaya bayan kicin inda take zaton ba mai ganin ta, ta yi ta karanta addu'a da sauri tana tofawa a tafin hannu tana shafe jikinta. Bakin uwa take tsoro. Kowace safiya uwarta tana yi mata baki, ita kuma tana gogewa, kamar yadda take goge ledar da ke kan katifa.

Ranar Juma'a gidan yakan zama wani gida. Tun da sassafe Goggo za ta shigar da katifar ko ba ta gama bushewa ba, ta rufe ta da zanen gado mai fure. Ta kwashe shanya, ta ɓoye bokiti da fo a bayan ɗaki, ta kunna turaren wuta irin na Barebari har hayaƙi ya fito ta taga. Ta yi wa Kaka wanka, ta shafe ta da mai, ta sa mata kwalli, ta ɗaura mata atamfa mai kyau, ta ba ta carbi. Ita ma ta sa riga mai dogon hannu. Kafin a sauko daga masallaci, Kaka tana zaune a kan darduma kamar hoton da ake ratayewa a falo.

Sai maza su zo. Baffa, babban wan su Baba, dillali ne a kasuwar shanu, mutum mai murya da ƙamshin turare. Yakan zo da matarsa, da ledar lemu da burodi. Babana yakan biyo su in ya samu mota daga Nangere. Su durƙusa su gaida Kaka. Abin mamaki, in ta ga manyan riguna sai ta nutsu, ta yi ta sa albarka, ko da yake ina jin ba ta san ko su wane ne ba.

"Iya, ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, ɗan nan. Sai dai yunwa. Tun jiya ban sa komai a bakina ba."

Alhali da hannuna na wanke kwanon da ta ci shinkafa da wake. Baffa yakan juyo ya dubi Goggo.

"Kina dai kula da ita ko?"

"Ina yi, Yaya."

"Ki ƙara. Aljannarki ce fa a zaune nan. Mu da muke maza ma hassada muke yi miki. Da namiji yana ganin tsiraicin uwarsa, wallahi da ba ki samu wannan ladan ke kaɗai ba."

Matarsa takan ce, "Ni ma da ba don kunyar suruka ba, ai da an gan ni nan kullum. Amma kin ji daɗinki, tsohuwa tsaf-tsaf, ba ta da rigima. Ki je ki ga uwar maƙwabciyarmu, sai kin gode wa Allah."

Goggo takan ce, "Alhamdu lillahi." Kafin la'asar sun tafi. Da ƙarar motarsu ta ɓace, sai a fito da katifa.

Na taɓa yin ƙarfin hali na tambaye ta me ya sa take ɓoye katifar. Ta dube ni kamar na yi saɓo.

"Uwata ce. In bar 'ya'yanta maza su ga fitsarinta? Matar Yaya ta je ta ba da labari?"

Cikin damina wata mata ta zo tare da ma'aikaciyar lafiya ta unguwarmu. Na dawo daga makaranta ke nan, ko yunifom ban cire ba. Malama ce daga wata jami'a, doguwa, da tabarau, Hausarta irin ta mutanen Barno. Goggo ta fara kame-kame tana neman rufe katifa da zane, tana cewa mai jikin tana barci.

Malamar ta ce, "Ba wajen Iya muka zo ba, Hajiya. Wajenki muka zo."

"Ni kuma? Ai ni lafiyata ƙalau."

"Mun sani. Bincike muke yi a kan masu jinyar 'yan uwansu a gida, yadda za a tallafa musu kada damuwa ta kwantar da su su ma. Kowa in ya shigo mai jiki yake tambaya. Mu mai jinya muke tambaya. Kina samun barci?"

Goggo ta yi dariya, ta dubi ma'aikaciyar lafiyar, ta dube ni, kamar tana neman wanda zai taya ta.

"Yaushe rabonki da zuwa gidan biki, ko gidan wata ƙawa?"

Dariyar ta tsaya. Goggo ta sa ido a kan yatsunta. Ƙuda ya sauka a gefen bakinta ba ta kore shi ba.

Suka ce duk Laraba bayan la'asar mata masu jinya suna haɗuwa a wani aji na firamaren unguwa, su yi magana, a koya musu wasu dabaru, kuma abin da aka faɗa a ajin amana ne, a nan yake tsayawa. Goggo ta ce ba ta da wanda za ta bar wa tsohuwa. Sai na ji bakina ya ce, "Ina nan." Duk suka juyo. Na ji kamar in nutse.

Haka Laraba ta zama tata. Takan yi wanka, ta sa hijabin da ya daɗe a ƙasan akwati har ya yi layi-layi, ta tsaya a zaure ta maimaita mini abin da zan yi in Kaka ta tashi, sannan ta fita da sauri kamar mai gudun a kira ta. A makon farko Kaka ta ja mini kitso har na yi hawaye. Daga baya Goggo ta zo da wata dabara daga ajin: a zuba wake a faifai, a haɗa da 'yan tsakuwoyi, a ba ta ta tsince. Kaka takan zauna ta yi ta tsinta, tana waƙa da Karekare a hankali, in ta gama in faki idonta in sake haɗawa.

Goggo ta fara canzawa ta ƙananan wurare. Wata rana na ga ta zauna a kan turmi ta cinye tuwonta har ta side hannu. Wata rana ta sauke tukwanen da ke kan keken ɗinki ta ɗiga masa mai, ko da yake ba ta ɗinka komai ba. Ta daina zagayawa bayan kicin.

"Kin san me aka ce mana?" ta ce da ni muna wanki. "Ba Iya ce take zagina ba, ciwon ne. A ƙwaƙwalwa yake, kamar yadda wani nasa yake a ƙafa. Akwai wata malamar Islamiyya a cikinmu, mijinta ne ya shanye, ta ce wanda hankalinsa ya gushe ko mala'iku ba sa rubuta maganarsa. To bakin da ba a rubutawa, ta ina zai kama ni?"

Ta yi ta cuɗa zane tana murmushi. Can kuma ta ce, ba tare da ta ɗago ba, kamar da bahon take magana:

"Jiya a ajin na faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Akwai wata safiya da rana ta fito Iya ba ta motsa ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon zanen da ta lulluɓa da shi, ba ya ɗagawa. Kafin in ji tsoro, kafin in ji komai, sai na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Sai ta yi tari. Tun ranar nake ganin kaina kamar wadda ta yi kisa." Ta matse zanen. "Da na faɗa, na ɗauka za su tashi su bar ni. Sai wata ta ce ita ma. Wata ma ta ce ita ma. Malamar jami'ar ta ce gajiya ce, ba ƙiyayya ba."

Na karɓi zanen na shanya.

A ajin ne kuma aka ce musu dangi ba sa taimakawa a kan abin da ba su gani ba, don haka kowace ta nemi hanyar gaya wa nata a raba aikin, ko yini ɗaya ne a mako. Goggo ta kwana biyu tana juya maganar. Ba ta taɓa fara yi wa Baffa magana ba sai in shi ya tambaye ta.

"Bakina ba zai iya ba," ta ce. "Bari idonsu ya yi."

Juma'ar nan ba ta shigar da katifa ba. Ba ta kwashe shanya ba, ba ta kunna turare ba. Ta wanke Kaka kamar kullum, ta ba ta abinci, amma ta bar ta da zanen gida, ba kwalli, ba carbi. Ita ma ta bar damtsenta a buɗe. Ta yi ta kai da kawo tana gyara abin da ba ya bukatar gyara. Da ta ji an sauko daga masallaci sai ta tura sakata ta shiga kicin ɗauko ruwan sha, daidai lokacin da suka yi sallama.

Abin da ba mu sani ba shi ne maganarta ta riga ta fita. Matan ajin duk 'yan unguwa ɗaya ne, an san juna, ana haɗuwa a famfo da wajen niƙa. Daga baya muka ji wata daga cikinsu ce ta ba da labarin a gidan suna, wai don tausayi. Kafin ya isa gidan Baffa ya zama wani abu.

Baffa ya tsaya a tsakar gida. Ya dubi katifa, ya dubi bokiti. Matarsa ta ja gefen mayafi ta toshe hanci. Daga cikin ɗaki Kaka ta fara dukan ƙofa tana kiran a buɗe mata, ciyawa ta cinye gona.

"Ashe gaskiya ne," in ji Baffa.

Ya zare sakatar da kansa. Kaka ta fito da tuwo a dunƙule cikin hannu, gaban zanenta a jiƙe. Babana ya kawar da kai.

Goggo ta ajiye kofunan a ƙasa. "Yaya, dama so nake ku gani. Kullum haka..."

"Mun gani! Kulle ta kike yi kamar akuya, ki tafi yawon tonon asiri. Ke ce kika tsaya a gaban matan unguwa da baƙuwa kika ce kina jiran uwarki ta mutu ki huta?"

"Ba haka na ce ba."

"To me kika ce?" in ji matarsa ta cikin mayafi. "Faɗa mana mu ma mu ƙaru. Ni a gidan suna aka tare ni da ita, ina cikin cin waina, sai da ta tsaya mini a wuya. Wai har kuka kika yi da kika ga tana numfashi."

"Na ce na gaji ne. Na ce wata safiya..."

"Kin gaji!" Baffa ya tafa hannu. "Kun ji ko? Ita da ta ɗauke ki wata tara ba ta gaji ba. Me kike yi a gidan nan? Miji gare ki ko 'ya'ya? Abinci ana kawo miki, magani ana kawo miki. Mace ɗaya, tsohuwa ɗaya. Da can da muke zuwa muna samun ta tsaf, ashe kafin 'yan boko su hure miki kunne ne."

Goggo ta miƙa masa damtsenta. Baffa ko kallo bai yi ba. Matarsa ta leƙa ta ce, "In ana kulle mutum ai dole ya yi yaƙushi."

Na dubi Babana. Yana tsaye kusa da randa yana juya hularsa a hannu. Ya ce, "Yaya, a bi a hankali," da muryar da ko ni da nake kusa da shi da ƙyar na ji.

Baffa ya sa aka shimfiɗa darduma, aka zaunar da Kaka. Ya ce da Goggo, "Durƙusa ki nemi gafararta. A gabanmu."

Ta durƙusa. Gwiwoyinta suka yi ƙara. Ta kama ƙafar Kaka.

"Iya, ki yafe mini."

Kaka ta dube ta da kyau, ta karkata kai. "Baiwar Allah, 'yar gidan wa ce ke?"

Da a nan aka tsaya, da da sauƙi. Amma Baffa ya sunkuya kusa da kunnenta ya ɗaga murya, yadda ake yi wa kurma.

"Iya, 'yarki ce. Ta je ta gaya wa duniya ta gaji da ke. Ta ce gara ki mutu."

Ban san abin da Kaka ta fahimta ba. Na dai ga bakinta ya fara rawa, idonta ya cika. Ta janye ƙafarta, ta ɗaga hannun nan mai tuwo ta yaɓa wa Goggo a fuska.

"Allah ya isa. Allah ya isa. Ba za ki ga da kyau ba."

Kalmomin da nake ji kullum ne lokacin wanka. Amma yau a gaban mutane ne, kuma Baffa ya ce, "Kin ji da kunnenki. Wannan kuma ba ciwo ba ne, ta san abin da take faɗa." Goggo ba ta goge fuskarta ba. Tuwon ya zame a hankali daga kumatunta ya faɗa kan darduma.

Kafin su tafi Baffa ya yanke hukunci. Ba sauran zuwa ajin Laraba. A cire sakata. In baƙuwar nan ta sake zuwa a ce mata gidan yana da masu shi. Ba wanda ya ce zai ɗauki Kaka ko na yini ɗaya, ba wanda ya ce zai turo wani. Matarsa ta ajiye ledar lemu a kan turmi, ta tsallake bokiti ta fita.

Ran Litinin a makaranta wata 'yar ajinmu ta juyo daga bencin gaba ta ce, "Ke ce ta gidan da ake yi wa tsohuwa addu'ar mutuwa?" Sauran suka yi dariya. Na buɗe littafi na yi ta kallon layi ɗaya har aka tashi.

Da aka cire sakata, Goggo ta koma ɗaure gefen zanenta da na Kaka in za ta yi salla. Girki kuma sai na dawo daga makaranta. Ta mayar da tukwane kan keken ɗinki. Ta koma zagayawa bayan kicin, yanzu har ba ta damu ko ina gani ba. Wani sabon abu ya ƙaru: kowace safiya bayan wanka sai ta durƙusa ta kama ƙafar Kaka ta ce a yafe mata. Wata rana Kaka ta ce ta yafe, ta shafa mata kai, Goggo ta tashi fuskarta a sake, kafin azahar kuma a sake tsine mata. Wata rana ta tofa mata yawu. Goggo ta fara wanke zannuwan da ta riga ta wanke. Na taɓa samun ta a tsaye a kicin, wuta tana ci, tukunya ba komai a ciki, ta ƙone har ta yi ja.

Malamar jami'ar ta dawo ita kaɗai. A zaure Goggo ta tare ta, ni ina bayanta. Matar ta cire tabarau, ta ce ta ji abin da ya faru, laifinsu ne da suka haɗa maƙwabta a aji ɗaya suka ɗauka alkawari ya isa. Ta ce yanzu sun canza, ɗaya-ɗaya suke ganin mutane, za ta iya zuwa gida, ko ta je ta yi wa Baffa bayani da kanta.

"A'a, Malama. Na gode."

"Hajiya, ya kike? Tsakani da Allah."

"Lafiya lau. Ba abin da yake damuna. Uwata ce, lada nake samu."

Ta faɗe shi sumul, kamar karatun allo. Malamar ta dube ni. Na sunkuyar da kai. Sannan ta ce ma'aikaciyar lafiya ta san inda za a same ta, ta tafi. Goggo ta jingina da bangon zaure ta rufe ido, sai Kaka ta yi kira daga ciki.

Da aka yi hutun ƙarshen zango, Baba ya zo ranar Juma'a tare da su Baffa. Gidan yana ƙamshi, tsakar gida fes, Kaka cikin shuɗiyar atamfa har da lalle a hannu. Baffa ya yi murmushi.

"Yawwa. Kin ga da kika daina yawo? Dama shaiɗan ne."

Sai ya juyo kaina, ya ce da Baba, "Wannan ma ka tafi da ita gaba ɗaya, ka nema mata makarantar kwana. Da ba ta samu mai tsare mata tsohuwa ba, da ba ta ga ƙofar fita ba. Kuma yarinya ce, kada ta koyi raina iyaye."

Baba ya ce, "To, Yaya."

Goggo ce ta haɗa mini kaya. Ta ninke yunifom ɗina, ta sa mini ƙullin gyaɗa a gefen jaka. Ba ta yi kuka ba, ni ma ban yi ba. Ta ce in gaida Mama, in yi karatu. A bakin zaure ta tsaya, ba ta iya raka ni ko zuwa lungu ba, domin ba kowa a wajen Kaka.

Muka tsaya a bakin titi ni da Baba muna jiran abin hawa. Tireloli suna wucewa da shanu, ƙahonninsu sun leƙo ta sama. Ina ta lissafin abin da zai faru gobe da safe: wa zai riƙe Kaka in Goggo ta ɗora tukunya, wa zai haɗa wake da tsakuwa, wa zai ga in tukunyar ba komai a ciki. Ban taɓa fara yi wa Baba magana ba in ba gaisuwa ba. Wani mai keke napep ya rage gudu, Baba ya ɗaga masa hannu, ya sunkuya zai ɗauki jakata. Na riƙe hannun jakar ban saki ba. Ya ɗago ya dube ni.

"Baba," na ce, "don Allah ka zo wajen Goggo ranar Talata. Kar ka gaya wa kowa za ka zo, ko ita. Ka zo da safe, ka zauna har azahar."